Akwatin Pandora Ko Randar Pandora? Fashin Baƙi Kan Waƙoƙin Koyarwa Na Girkawan Da

Tun daga watan Oktoban 2021, lokacin da ƙungiyar 'yan jarida masu bincike ta ICIJ ta fallasa takardu kusan miliyan 11.9 na dukiyar da manyan duniya suka ɓoye a ƙasashen waje, aka kuma laƙaba musu suna Takardun Pandora, wannan suna ya zauna a bakin masu sharhi. Da zarar an taɓo wata magana mai sarƙaƙiya sai ka ji an ce "an buɗe akwatin Pandora". Wasu sun ɗauka tatsuniyar yara ce ta Turawa. Wasu kuma suna ganin wani sashe ne na littafin addinin maguzawan Girka, don haka ko kusa bai kamata a raɓe shi ba. To, wace ce Pandora, wa ya fara ba da labarinta, kuma me ya sa ya ba da shi?

Amsar tana cikin wata waƙa mai ɗango 828 da wani manomi ya yi wa ɗan'uwansa kimanin shekara 700 kafin Miladiyya, bayan sun yi rigimar gado. Kuma a cikin waƙar babu akwati ko ɗaya. Randa ce.

Wane ne Hesiyod?

Girkawan da suna da manyan mawaƙa biyu da suke ɗauka iyayen adabinsu. Na farko Homa, mai dogayen waƙoƙin yaƙi da tafiye-tafiye, wanda bai taɓa faɗin komai game da kansa ba. Na biyu Hesiyod, wanda ya ambaci sunansa a cikin waƙa, ya faɗi garinsu da sana'ar mahaifinsa da abin da ke damunsa.

Mahaifinsa ɗan kasuwar jirgin ruwa ne daga Kume, a gaɓar ƙasar Turkiyya ta yau. Talauci ya kore shi, ya ƙetaro teku ya sauka a wani ƙauye mai suna Askara a yankin Boyotiya, gindin Dutsen Helikon. Hesiyod bai ɓoye ra'ayinsa kan ƙauyen ba: ya ce da sanyi ba daɗi, da zafi wahala, babu wani lokaci da yake da kyau. A nan yake kiwon tumaki. Ya ce sau ɗaya tak ya taɓa shiga jirgin ruwa, daga Awulis zuwa Kalkis a tsibirin Yubiya, tazarar da ba ta taka kara ta karya ba, don gasar waƙa a bikin jana'izar wani basarake mai suna Amfidamas. Ya ci gasar, aka ba shi tukunyar tagulla mai ƙafa uku.

Waƙoƙi biyu ne masana suka fi yarda nasa ne. Ɗaya ita ce Tiyogoniya, wato Asalin Alloli, mai ɗango 1,022. Ɗayar kuma Ayyuka da Ranaku. Ta farko salsala ce, ta biyu nasiha. Daga waɗannan biyu ne reshe guda na adabin Turai ya tsiro, wanda ake kira waƙar koyarwa: mawaƙi ya tsaya a matsayin malami, ya fuskanci wani mutum takamaimai, ya koya masa wani fanni cikin kari.

Yadda aka gina waƙoƙin

Wanda ya san arulin Larabci ko karin rubutacciyar waƙar Hausa ba zai sha wahalar gane tsarin ba, domin awon Girkanci ma a kan doguwar gaɓa da gajera yake tafiya. Kowane ɗango yana da ƙafa shida. Ƙafa ɗaya ita ce doguwar gaɓa da gajeru biyu, ko kuma dogaye biyu a madadinsu. Ƙafa ta biyar kusan kullum doguwa ce da gajeru biyu, ta shida kuma gaɓa biyu ce kawai, kuma wannan ƙarshen ne ke sa kunne ya gane ɗango ya cika. Babu amsa-amo ko kaɗan, babu rabuwa zuwa baituka. Wannan shi ne abu na farko da ke ba mai fassara zuwa Hausa wahala, tunda kunnen Bahaushe ya saba jiran amsa-amo kafin ya yarda waƙa ce.

An yi waƙoƙin ne don a rera a bainar jama'a, a daidai lokacin da Girkawa ba su daɗe da aron haruffa daga Finikiyawa ba. Shi ya sa suke cike da kirari da jimloli da ake maimaitawa, irin su kiran Ziyus, babban allansu, "mai tara gizagizai". Waɗannan gutattsarin an riga an auna su sun dace da wani gurbi a cikin ɗango, mawaƙi yana ɗaukowa ya cike gurbin ba tare da ya karya kari ba.

Salsalar alloli da inda ta samo asali

Tiyogoniya ta buɗe da labarin yadda Musai, wato alloli mata tara na waƙa, suka tarar da Hesiyod yana kiwo, suka ba shi sanda, suka hura masa murya. Abin da suka gaya masa ya cancanci a tsaya a kansa: sun ce sun iya faɗin ƙarairayi masu kama da gaskiya, kuma in sun ga dama sun iya faɗin gaskiya. Tun daga bakin ƙofa ke nan mawaƙin ya sanar da mai sauraro cewa waƙa tana iya ruɗi. A salsalar, mahaifiyar Musai sunanta Tunawa, abin da ya dace da al'ummar da ilminta ke cikin ƙirji.

Daga nan sai jerin haihuwa, sunaye kusan ɗari uku. Da farko akwai Kawos, wanda asalin ma'anarsa wawakeken rami ne ko sarari, ba hargitsi ba kamar yadda kalmar ta koma nufi daga baya. Sai Ƙasa, sai Sama wanda Ƙasa ta haifa ta kuma aura. Ƙashin bayan labarin shi ne ƙwace mulki sau biyu. Kronos ya fiɗiye mahaifinsa Sama da lauje. Shi kuma don gudun irin haka ya riƙa haɗiye 'ya'yansa, har matarsa Riya ta naɗe dutse a zanen goyo ta miƙa masa, ta ɓoye jariri Ziyus a tsibirin Karita. Ziyus ya girma, aka yi yaƙin shekara goma, ya yi nasara, ya raba wa kowa muƙaminsa.

An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin ƙirƙirar Girkawa zalla, har aka karanta allunan yumɓu na Hittiyawa da aka tono a Hattusa, tsakiyar Turkiyya. A cikinsu akwai labarin Kumarbi, wanda ya ƙwace mulki daga allan sama Anu ta hanyar cizge masa gaba, shi ma daga baya allan hadari ya ture shi. Allunan sun girmi Hesiyod da ɗaruruwan shekaru. Waƙar halitta ta Babila ma tana da irin wannan gwagwarmaya tsakanin tsofaffin alloli da sababbi. Masanin nan na Ingila, Martin West, ya kwashe shekaru yana bin wannan sawu, kuma yau da wuya ka sami masani da ke musun cewa gabas ce ta shayar da wannan waƙa.

Randar a mazauninta

Labarin Pandora ba shi kaɗai yake tsaye ba. Hujja ce a cikin gardama. A cikin Ayyuka da Ranaku, Hesiyod yana magana ne da ɗan'uwansa Farsis, wanda yake zargin ya kwashi kaso mafi tsoka na gadonsu ta hanyar toshiyar baki ga masu shari'a, ya kuma zama mai zaman dandali yana sauraron ƙararraki maimakon ya je gona. Tambayar da waƙar ke son amsawa ita ce: me ya sa ɗan'adam ba ya ci sai da gumi?

Amsar ta zo daki-daki, wani sashenta kuma a Tiyogoniya yake. An yanka sa don a raba tsakanin alloli da mutane. Prometiyus, wani daga zuriyar alloli mai goyon bayan mutane, ya yi wayo, ya lulluɓe ƙasusuwa da kitse mai sheƙi, ya ɓoye tsoka cikin tumbi, Ziyus ya ɗauki kitsen. Cikin fushi Ziyus ya ɓoye wuta. Prometiyus ya sace ta a cikin ɓargon wani kara ya kawo wa mutane. Sai Ziyus ya ce zai ba su wani sharri da za su runguma da murna. Maƙerin alloli ya kwaɓa ƙasa da ruwa ya siffata budurwa, Atina ta koya mata saƙa, Afrodita ta ba ta kyau, Hamis ya sa mata yaudara a zuciya. Aka kira ta Pandora saboda kowane allah ya ba da tasa kyauta. Aka kai ta ga Epimetiyus, wanda sunansa ke nufin mai tunani bayan an gama, ya karɓa duk da gargaɗin ɗan'uwansa Prometiyus.

Kalmar da Hesiyod ya yi amfani da ita, pitos, tana nufin ƙatuwar randar yumɓu da ake ajiye hatsi ko mai ko giya, wadda wani lokaci tsayinta ya kai na mutum, ana ma binne rabinta a ƙasa. Rumbun gidan manomi ke nan. Pandora ta ɗaga murfi, wahalhalu suka watsu, cututtuka suka shiga yawo dare da rana shiru, domin Ziyus ya cire musu murya. Abu ɗaya ya rage a ƙarƙashin leɓen randar kafin a mayar da murfi, shi ne elpis.

A nan masana suka rabu, kuma har yau ba su haɗu ba. Ana fassara kalmar da fata ko sa rai, amma tana iya nufin tsammani kawai, na alheri ko na sharri. Idan randar kurkuku ce ta masifu, me ya kai fata ciki, kuma zamanta a rufe yana nufin an hana mutane ita? Idan kuma randar ma'aji ce kamar kowane rumbu, to an adana wa mutane ita ne don ranar buƙata. Wanda ya ci gaba da karanta waƙar zai ga Hesiyod bai yarda da fata sosai ba: ya ce malalacin da ke zaune yana jiran fatar banza, ba abinci a gida, zuciyarsa mugun abu take saƙa masa. A ganina wannan ɗangon ya fi kowane sharhi haskaka randar.

Akwatin fa? Ya shigo ne a farkon ƙarni na 16, lokacin da masanin Holan, Erasmus, yake ba da labarin da Latin a littafinsa na karin magana, ya sa kalmar puksis, wato 'yar batta ta kayan kwalliya, a gurbin pitos. Masu zane suka bi shi, harsunan Turai suka bi masu zane. Da randa ta koma batta sai ma'anar ta karkata: labarin abincin gida da wahalar nemansa ya zama labarin mace mai son leƙe-leƙe.

Shaho, da alƙalai masu cin toshi

Bayan Pandora sai labarin zuriyoyi biyar: ta zinariya da ba ta san tsufa ko wahala ba, ta azurfa, ta tagulla, ta jarumai, sai ta ƙarfe wadda mawaƙin ya ce da ma bai rayu cikinta ba. Ya hango lokacin da za a riƙa haihuwar jarirai da furfura, ɗa ya raina iyaye, rantsuwa ta zama ba komai, Kunya ta naɗe farin mayafinta ta bar duniya.

Sai ya juya ga sarakuna da almara mafi tsufa da ta rage a adabin Girka. Shaho ya cafki wata tsuntsuwa mai zaƙin murya ya yi sama da ita, tana kuka, ya ce mata kukan me take yi, wanda ya fi ta ƙarfi ne ya riƙe ta, in ya so ya cinye ta, in ya so ya sake ta. Hesiyod bai tsaya nan ba. Ya ce cin juna dokar kifi da namun daji da tsuntsaye ce, mutum kuwa an ba shi adalci. Ya kira masu shari'ar garinsu da laƙabin da ke nufin masu cinye kyauta, ya gargaɗe su cewa akwai masu gadi dubu talatin da ba a gani suna zagaya ƙasa suna lura da hukunci. Ya ce garin da ake karkata shari'a yunwa da annoba ne rabonsa, laifin mutum ɗaya ya jawo wa gari duka.

Ya kuma raba gasa gida biyu. Akwai mai haddasa yaƙi, akwai mai tayar da malalaci idan ya ga maƙwabcinsa na shuka: mai ginin tukwane yana kishin mai ginin tukwane, mawaƙi yana kishin mawaƙi.

Kalandar manomi dalla-dalla

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waƙar tsarin aikin shekara ne, kuma agogonsa taurari da tsuntsaye. Idan Kaza da 'Ya'yanta ta fara bayyana da asuba bayan ɓuyar kwana arba'in, wajen watan Mayu, a wasa lauje a fara girbi. Idan ta fara faɗuwa da asuba, wajen Nuwamba, a fara huɗa. Kukan gauraka mai ƙaura daga cikin gajimare shi ma alamar huɗa ne, kuma ya ce wannan kuka yana cizon zuciyar wanda ba shi da shanu.

Ga irin awon da yake bayarwa. A sari itace da kaka, lokacin da gara ba ta cika cinsa ba. Turmi ƙafa uku, taɓarya kamu uku, sandar da ke riƙe ƙafafun amalanke ƙafa bakwai. A tanadi garma biyu, ɗaya da aka sassaƙa daga itace guda mai lanƙwasa, ɗaya ta haɗe-haɗe, domin in ɗaya ta karye a ɗaura wa shanu ɗayar. Shanun huɗa su kasance bijimai biyu 'yan shekara tara, waɗanda ba za su yi faɗa a tsakiyar kunya su karya garma ba. Mai riƙe garma ya zama ɗan shekara arba'in, domin saurayi hankalinsa na wajen abokansa, zai karkata layi ya kuma maimaita iri a wuri ɗaya. Yaro ya biyo baya da fartanya yana rufe iri saboda tsuntsaye. Wanda ya yi jinkiri har tsakiyar hunturu, ya ce a zaune zai yi girbi, ya kwaso amfanin a kwando ɗaya. Inabi kuwa a shanya shi kwana goma a rana, kwana biyar a inuwa, a na shida a matse a zuba a randa. Tafiyar teku tana da aminci cikin kwana hamsin bayan rana ta kai ƙarshen hawanta na bazara, kuma kada a zuba duk dukiya a jirgi.

Mai karatu a ƙasar Hausa zai ga kama da lissafin taurarin damina da malamai da manoma ke yi, Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha, kowane da kwanakinsa. Hikimar iri ɗaya ce, amma kalandar ba ta ɗaukuwa zuwa nan. A Girka ruwa da hunturu yake sauka, ana shuka alkama da sha'ir a Nuwamba a girbe a Mayu, lokacin da mu ke jiran ruwan farko. Ko a Girkar ma ranakun sun gusa, saboda juyin da gindin duniya ke yi a hankali yana jinkirta fitowar taurari da kusan kwana ɗaya duk shekara 72. Cikin shekara 2,700 ya haura wata guda.

Masu sharhi sun lura da abin da waƙar ta tsallake: ba ta ce komai kan zaitun ba, taki ma babu. Manomin Askara bai buƙaci waƙa ta koya masa huɗa ba. Abin da ake koya wa Farsis shi ne komai da lokacinsa, wanda kuma ya bar lokaci ya wuce zai je roƙo ƙofar maƙwabci.

Masu suka, tun daga gida

Wanda ke fargabar waɗannan labaran ta fuskar aƙida ya kamata ya san cewa Girkawa ba su da saukakken littafi, kuma ba a taɓa karanta Hesiyod a matsayin nassi da ba a jayayya da shi ba. Gaskiya ne marubucin tarihi Herodotus ya ce Homa da Hesiyod ne suka tsara wa Girkawa salsalar allolinsu da sunayensu. Amma tun ƙarni na 6 kafin Miladiyya Zenofanis ya zarge su da jingina wa alloli sata da zina da yaudara, ya kuma yi maganar allah ɗaya da bai yi kama da mutum ba. Aflatun ya ce labarin Kronos bai dace a faɗa wa yara ba ko da gaskiya ne. Aristotal ya kawo wata suka ta daban, ta adabi: ya ce mai zuba ilmin halitta cikin kari kamar Emfedokilis masani ne, awo kawai ya haɗa shi da Homa.

Sukar zamaninmu ta fi karkata ga yadda Hesiyod ya ɗauki mata, kuma tana da tushe. A Tiyogoniya ya kwatanta su da ƙudan zuman da ba sa aiki suna cin gumin wasu. Masu kare shi suna nuna inda ya ce babu abin da namiji zai samu da ya fi mace tagari, amma a ɗango na gaba ya ƙara da cewa babu abin da ya fi muguwa muni. Murya ce ta magidanci mai tsoron yawan bakin ci a ƙasa mai ƙarancin albarka, har ya ba da shawarar a haifi ɗa namiji ɗaya don kada gado ya rarrabu.

Hannuwan da gadon ya bi

A ƙarni na 3 kafin Miladiyya Aratus na Soli ya mayar da littafin taurari na Yudoksus waƙa mai ɗango 1,154. Ta yi farin jini ƙwarai, Sisero ya fassara ta zuwa Latin, kuma daga farkonta ne Manzo Bulus ya ɗauko maganar "mu ma zuriyarsa ne" a jawabinsa na birnin Atina cikin Ayyukan Manzanni 17:28. Masanin taurari Hifarkus ya rubuta sharhi yana gyara kura-kuranta, wanda ke nuna haɗarin wannan fanni: kari yana sa kuskure ya zauna daram a ƙwaƙwalwa kamar yadda yake zaunar da daidai. Nikanda ya yi waƙa kan saran maciji da maganinsa, kuma daga tushen sunanta ne kalmar tiryaƙ ta likitocin Larabawa ta fito.

A Rum, Lukretiyus ya zuba falsafar ƙwayoyin zarra cikin littattafai shida, ya bayyana dabarar da kansa: likita yana shafa zuma a bakin ƙoƙo don yaro ya sha magani mai ɗaci. Bajil ya gama waƙarsa ta noma mai littattafai huɗu a shekara ta 29 kafin Miladiyya, ya ce waƙar Askara yake rerawa a garuruwan Rum, ko da yake Seneka ya ce burinsa faranta wa masu karatu ne fiye da koyar da manoma. Obid kuma ya ɗauki zuriyoyin ƙarafa ya mai da su huɗu, ya cire ta jarumai, kuma ta hannunsa yawancin Turawa suka san "zamanin zinariya".

Ta ɓangaren Larabci hanyar ta bambanta. Masu fassara na Bagadaza sun kwashi falsafa da likitanci da lissafi na Girka, waƙoƙin kuwa suka bar su kusan gaba ɗaya. Saboda haka Alfiyyar Ibn Malik ta nahawu, da urjuzar Ibn Sina ta likitanci, da waƙoƙin fiƙihu da wa'azi da Nana Asma'u da malaman jihadi suka yi da Hausa da Fulatanci, ba jikokin Hesiyod ba ne. Buƙata ɗaya ce ta haifar da su a wurare daban-daban: ɗalibi ba shi da littafi a hannu, kari kuma ya fi zube zama a ka. Abin da ya iso mana daga Girka kai tsaye 'yan kalmomi ne, irin su musiƙa, wadda ta fito daga sunan Musai.

Sunayen salsalar kuwa sun koma sararin samaniya. Duniyar Uranus sunan Sama na Girkanci take ɗauke da shi, kuma cikin watannin da ke kewaya duniyar Zuhal akwai Riya, akwai Epimetiyus, akwai wasu ƙanana biyu da ke tafiya ɗaya a ciki ɗaya a wajen wani siririn zobe nata, waɗanda aka gano a hotunan kumbon Voyager 1 a 1980: Prometiyus da Pandora.